Yadda Ake Shirya Baje Kolin Kimiyya da Ƙere-ƙere na Ƙasa ga Ɗaliban Makarantu

Abin da jama'a ke gani a baje kolin kimiyya na ƙasa kwana uku ne ko huɗu: tebura a jere, yara tsaye gaban allunansu, alƙalai na zagayawa da takardun maki. Aikin kuwa na wata 12 ne, kuma yawancin abin da ke lalata shi yakan faru tun ba a buɗe ƙofar zaure ba. Akwai tambaya ɗaya da ya kamata ta riƙe kwamitin shirye-shirye tun daga zaman farko: aikin nan na yaron ne, kuma ya gane abin da ya yi? Dokoki, fom, tsarin zaure da alƙalanci, duk hanyoyin amsa wannan tambaya ne. Duk tsarin da bai taimaka wajen amsa ta ba, ana iya rage shi.

A fara da rana, a lissafo baya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko shi ne tsayar da ranar gasar ƙasa da kama zaure, sannan a ƙirgo sauran ranaku da baya-baya. A kauce wa makonnin jarrabawar kammala sakandare, domin manyan ɗalibai, waɗanda galibi su ke da ayyuka mafi zurfi, ba za su zo ba. Idan kuma ana da niyyar tura zakaru gasar duniya, wannan ma yana ɗaure ranar. Gasar ISEF, wato baje kolin kimiyya da injiniyanci na duniya na ɗaliban sakandare, wadda aka fara a Filadelfiya ta Amurka a 1950, a watan Mayu ake yin ta kowace shekara. Ƙasar da ke son zuwa sai ta gama tata a Fabrairu ko Maris, saboda fasfo, biza da gyaran takardu suna cin makonni.

Jadawalin da ke aiki ya yi kama da haka. Saura wata 12: kwamiti, rana, zaure da kasafi. Saura wata 10: an buga littafin dokoki an raba, an fara horar da malamai. Daga saura wata 9 zuwa 7: ɗalibai na miƙa tsarin bincikensu ana amincewa. Saura wata 4: gasar makarantu. Saura wata 3: gasar shiyya. Saura mako 8: an rufe rajistar ƙasa. Saura mako 6: an gama duba takardu. Saura mako 4: an san adadin alƙalai da fannin kowa. Saura mako 2: taswirar zaure ta fita da lambar kowace rumfa. Ranar rufe rajista ita ce wadda za a fi matsa muku lamba ku ɗaga. Kada ku ɗaga. Duk kwanan da aka ƙara wa masu latti, daga lokacin duba takardu aka zare shi.

Kwamiti ba ya bukatar yawa. Mutum bakwai sun isa, muddin kowa ya san abin da ke wuyansa: shugaba, mai kula da dokoki da tantance bincike, shugaban alƙalai, mai kula da zaure da lantarki, mai kula da masauki da lafiyar yara, ma'aji, da mai rajista da bayanai. Sharaɗi ɗaya: wanda ke neman kuɗi wurin masu tallafi kada ya zama shi ne shugaban alƙalai.

Ta wace ƙofa ake shigowa?

Hanya biyu ce aka sani. Ta farko hawa-hawa ce. Gasar Jugend forscht ta Jamus, wadda aka kafa a 1965, tana tafiya daga shiyya zuwa jiha zuwa tarayya. Afirka ta Kudu ma, inda aka fara baje kolin matasan masana kimiyya a 1980, ta shiyyoyi ake tacewa kafin a kai matakin ƙarshe. Ta biyu kai tsaye ce. A Ayalan, inda su ma suka fara a 1965, ɗalibai na aiko da bayanin aikinsu a rubuce, a tace, a zaɓi ayyuka 550 da za a baje a Dabilin a watan Janairu. Tanzaniya ta ɗauki wannan salo na Ayalan.

Shiga kai tsaye ta fi sauƙin gudanarwa, amma tana fifita makarantun da suka iya rubuta bayani mai daɗin karatu. A ƙasa mai faɗi da makarantu masu yawa, hawa-hawa ya fi, domin yara dubbai za su tsaya gaban alƙali ko da ba su kai ƙarshe ba. Matsalarsa ita ce rabon gurabe. Idan aka raba daidai-wa-daida, shiyyar da ta kawo ayyuka 400 da wadda ta kawo 30 za su tashi da kaso ɗaya. Idan aka raba bisa yawa kawai, ƙananan shiyyoyi za su ɓace. A haɗa biyun. Misali, gurabe 200 da shiyya 20: kowace shiyya ta sami 4 tabbas, 80 ke nan, sauran 120 a raba gwargwadon yawan ayyukan da kowace ta baje a bara. A rubuta wannan lissafi a littafin dokoki tun farko, kada a bar shi sai ranar da gardama ta tashi.

Littafin dokoki

Ya zama gajere yadda malami zai karanta a zama ɗaya. Abubuwan da dole ya fayyace su ne shekaru ko ajin masu shiga, yawan 'yan ƙungiya, tsawon lokacin bincike, fannoni, girman rumfa, abubuwan da aka hana, da yadda ake ba da maki. Ga wanda ke hangen gasar duniya, gara ya daidaita dokokinsa da nasu tun daga tushe. A ISEF ƙungiya ba ta wuce mutum uku, bincike ba ya wuce wata 12 a jere, taƙaitaccen bayani kuma ba ya wuce kalma 250. Ƙungiyar mutum biyar da ta ci gasar ƙasa ba za ta cancanci shiga can ba, kuma cire yara biyu daga aikinsu bayan sun yi nasara ba abu ne da kowa zai so yi ba.

Kada a yawaita fannoni. Shida zuwa takwas sun wadatar: ilimin halittu da lafiya, sinadarai, fiziks da lissafi, muhalli da noma, injiniyanci da makamashi, kwamfuta da mutum-mutumi, sai halayyar ɗan'adam. Fannin da bai kai ayyuka 10 ba, a haɗa shi da maƙwabcinsa. Lambar zinariya a fannin da ayyuka uku kaɗai suka fafata ba ta da nauyi, kuma yaran sun sani.

Wurin da littafin ya kamata ya fi daɗewa shi ne bambancin samfuri da bincike. A kowace sabuwar gasa za ku ga gidan kwali mai ƙananan fitilu, da dutse mai aman wuta, da hoton zuciya da aka sassaƙa. Suna da kyau a ido, amma ba su tambayi komai ba, ba su auna komai ba. Aikin kimiyya yana farawa da tambaya, a sauya abu ɗaya, a riƙe sauran yadda suke, a auna sakamako, a maimaita. Aikin injiniyanci yana farawa da bukata, a gindaya ma'aunin nasara da lamba, a ƙera, a gwada, a ga inda ya gaza, a sake ƙerawa. Gidan kwalin nan ma zai iya zama bincike: a yi guda uku masu girma ɗaya da rufi iri uku, a sa ma'aunin zafi a cikin kowane, a rubuta zafin duk bayan minti 30 na kwana biyar. Yanzu akwai tambaya, akwai lambobi, akwai abin da alƙali zai tattauna da yaro. Irin wannan misali biyu ko uku a taron horar da malamai ya fi dogon jawabi amfani.

Kowane ɗalibi ya riƙe littafin aiki mai ɗinki, ba mai zare shafi ba, ya riƙa rubutu da biro, da kwanan wata a kowane shafi. Kuskure a ja masa layi ɗaya, kada a goge. Littafin da ya fito tsaf da rubutu iri ɗaya daga farko har ƙarshe, babu tabo babu gyara, yawanci a dare ɗaya aka kwafe shi. A kuma tanadi fom mai shafi ɗaya inda duk babban da ya taimaka zai faɗi abin da ya yi da hannunsa, ɗalibi kuma ya bayyana idan ya yi amfani da manhajar ƙirƙirarriyar basira da kuma inda ya yi. Taimako ba laifi ba ne, ɓoye shi ne laifi.

Tantancewa kafin a taɓa komai

Nan ne sababbin gasanni suka fi yin sakaci, nan ne kuma haɗarin yake. Ayyuka iri huɗu ba a fara su sai kwamiti ya sa hannu a kan tsarin binciken: masu amfani da mutane, masu amfani da dabbobi masu ƙashin baya, masu ƙwayoyin cuta ko jini da nama, da masu sinadarai ko na'urori masu haɗari. Amincewar kafin a fara gwaji ce. Sa hannun da aka nema bayan an gama aiki ba ya kare kowa.

Kwamitin tantancewa ya ƙunshi aƙalla mutum uku, cikinsu har da masanin kimiyyar halittu ko lafiya mai babban digiri, da malamin makaranta. Na binciken da ya shafi mutane, a tsarin ISEF, yana da malami, da shugaban makaranta ko mataimakinsa, da ma'aikacin lafiya ko masanin halayyar ɗan'adam. Malamin da ke jagorantar aiki ko iyayen ɗalibi ba sa zama a kwamitin da ke duba wannan aikin.

Mutane da yawa na ɗauka cewa raba takardar tambayoyi ba ta da haɗari. Ba haka ba ne. Yarinya 'yar shekara 15 da ke tambayar 'yan ajinsu game da damuwa ko abin da ke faruwa a gidajensu tana tara sirrin da ba ta san yadda za ta kare ba. Dole a sami yardar wanda ake tambaya a rubuce, in ƙaramin yaro ne a haɗa da ta iyayensa, kada a rubuta suna a takardar amsa, kuma kowa na da damar janyewa.

Ƙwayoyin cuta ba a renon su a gida, ko kaɗan. Yaro ya shafa auduga a hannun ƙofa ya goga a farantin renon ƙwayoyin cuta, bayan kwana biyu abin da ya tsiro ba wanda ya san mene ne, kuma ya ninka sau miliyoyi. Irin wannan a ɗakin gwaji ake yi, a manne farantin da tef, kada a buɗe, a kashe abin da ke ciki da tukunyar tururi mai matsi ko sinadarin bilic kafin a zubar. Idan aikin na bukatar buɗe faranti, ya koma na ɗakin gwaji mai matakin kariya na biyu ƙarƙashin ƙwararre. Ga dabbobi kuwa, duk gwajin da aka tsara don ya kashe dabba ko ya sa ta wahala haramtacce ne, kuma dokar ISEF ta ce a tsayar da gwaji idan dabba ta rasa kashi 15 cikin 100 na nauyinta. Wannan yana nufin dole a riƙa auna ta ana rubutawa.

A matakin ƙasa a sake duba takardun kowane aiki mako 6 kafin gasa. Abin da aka fi kamawa shi ne kwanan wata: littafin aiki ya nuna an fara gwaji a Oktoba, sa hannun kwamiti kuma na Disamba ne. Ƙaramin kuskure, kamar shafin da aka manta, a ba da mako guda a gyara. Babban saɓa doka a sanar da makaranta tun yaron bai kama hanya ba. Korar yaro a bakin zaure bayan tafiyar yini guda laifin masu shiri ne.

Zaure: lissafin fili da wuta

Rumfar da aka saba da ita faɗinta santimita 122 ne, zurfinta 76. A ƙayyade tsayi kada ya wuce santimita 240 daga ƙasa, don allo mai tsawo yana kifewa. A jera rumfuna baya-da-baya, a bar hanya mai faɗin mita 3 tsakanin layuka masu fuskantar juna. Mita 2 takan yi kamar ta isa a takarda, amma ranar da makarantu suka shigo kallo, ga ɗalibi tsaye, ga masu kallo biyu a gabansa, ga keken guragu, sai hanya ta toshe. Kowace rumfa da rabin hanyarta na cin kusan murabba'in mita 2.8. In aka ƙara hanyoyin gicciye da sararin ƙofofin fita, a lissafa murabba'in mita 4. Ayyuka 200 na bukatar kusan 800, ban da dandalin taro, ɗakin alƙalai, wurin rajista da ɗakin agajin gaggawa. Ɗakin alƙalai ya zama mai ƙofa da ake rufewa.

Wuta a tambaya tun a fom ɗin rajista: kana bukata, kuma wat nawa? A tara masu bukata a layuka ɗaya. A inda lantarki yake bolt 230, layi mai amfiya 13 yana ɗaukar kusan wat 3,000, amma kada a ɗora masa fiye da 2,400. Idan aka ƙayyade wa kowace rumfa wat 200, wanda ya ishi kwamfutar hannu da ƙaramar na'ura, rumfa 12 ke nan a layi ɗaya. Abin da ke kashe wutar layi gaba ɗaya shi ne na'urar dumama ruwa ko busar da kaya da wani ya shigo da ita bai faɗa ba, don ita kaɗai tana iya jan wat 2,000. Rumfa 60 masu wuta kilowat 12 ne, wato kusan kVA 15 a ma'aunin ƙarfin janareta, sai a ƙara rarar kashi 25 cikin 100 da nauyin fitilu da lasifika wajen zaɓen janareta. Kowane layi ya sami na'urar yanke wuta mai jin yoyon miliamfiya 30. Kada a jona wayar ƙari a kan wata wayar ƙari, kuma duk wayar da ta ratsa hanya a rufe ta da murfin roba.

Ranar kafa rumfuna ta zama daban, kwana ɗaya kafin alƙalanci. Masu duba tsaro su bi rumfa-rumfa, wadda ta cika sharaɗi a manna mata shaida. Ba a ajiye halitta mai rai a rumfa, ko tsiro, ko ƙasa, ko sinadari, ko faranti mai ƙwayoyin cuta, ko allura da wuƙa, ko wuta mai ci, ko batir mai buɗaɗɗen baki. Yara kan ji zafin wannan doka, musamman wanda ya yi wata huɗu yana renon shukarsa. Shi ya sa ake gaya musu tun farko su riƙa ɗaukar hoto a kowane mataki. Hoton da fuskar wani ta fito kuma sai da izininsa a rubuce. A ajiye teburin gyara mai almakashi, tef, gam da sukurdireba, don allo zai karye a mota ko ta yaya.

Alƙalanci

Idan an yi komai daidai aka kuskure nan, an yi aikin banza. Fara da adadi. Kowane aiki ya ga alƙalai huɗu, kowa shi kaɗai, a lokuta daban-daban. Ayyuka 200 sau 4, ganawa 800 ke nan. Kowace ganawa minti 15 ce: 10 na hira, 5 na rubuta maki da matsawa gaba. Alƙali na iya yin 12 a awa uku kafin hankalinsa ya fara gajiya. Raba 800 da 12, ya ba da 67. A gayyaci 80, don wasu ba za su zo ba, kuma ba za su faɗa ba sai da safen. A nemo su daga jami'o'i, asibitoci, masana'antu da cibiyoyin bincike, kowa ya cike takardar da ke nuna makarantar da yake da alaƙa da ita. Ba ya duba aikin ɗansa, ko na makarantarsa, ko wanda aka yi a ɗakin gwajinsa.

Ma'aunin ISEF abin aro ne mai kyau. Maki 100 ne: tambayar bincike 10, tsari da hanyar aiki 15, aiwatarwa 20, ƙirƙira 20, allo 10, hira 25. Ga aikin injiniyanci rabon ɗaya ne, sai dai tambaya ta koma matsalar da ake son warwarewa, aiwatarwa kuma ta koma ƙerawa da gwaji. A lura da yadda hira ta ninka allo sau biyu da rabi. Allo ana iya biya a buga wa yaro, amsa tambaya kuwa ba mai yi masa.

Da safe, kafin a shigo da ɗalibai, a ba alƙalai awa guda su zaga su karanta alluna da littattafan aiki. Sannan a zauna a gwada ma'auni: a ɗauki aiki ɗaya na bara, kowa ya ba shi maki, a kwatanta. Za a ga wani ya ba da 85, wani 55. Tattaunawar minti 20 a kan dalilin wannan tazara tana rage rabin rigimar yamma.

Lokacin hira babu malami, babu iyaye a zaure. Yawancin yara sun haddace jawabi, a bar su su yi minti biyu, sannan a katse cikin ladabi a shiga tambaya. A ce ga ɗaliba da ta gwada matatar ruwa ta yashi da gawayi. Alƙali ya buɗe littafinta, ya sa yatsa a kan wani layi.

"'Yata, sakamakon ranar Talatar nan ya fita daban da sauran. Me ya faru?"

"Malam, ranar ban wanke sabon gawayin ba, sai ƙurarsa ta bi ruwan. Na rubuta a shafi na 14, washegari na sake."

Wannan amsa ta fi kowane allo mai sheƙi. Wadda aka yi wa aiki ba ta san da ranar Talata ba. Tambayoyin da ke tona gaskiya ba su da wuya: sau nawa kika maimaita? Me ya fara lalacewa? Me ya sa ka zaɓi wannan girman ba wancan ba? In aka ba ka wata uku, me za ka sauya? Ramin ƙarya ƙurarre ne, tambaya ta uku yawanci ta isa. A aikin ƙungiya a tambayi wanda ya fi yin shiru. Kuma kada a rage wa yaro maki don hasashensa bai tabbata ba, ko don harshen gasar bai zauna a bakinsa ba. In da hali a bar shi ya yi bayani da harshen da ya fi iyawa, a sa tafinta wanda ba malaminsa ba. Haka nan a auna abin da yaro ya yi da abin da ke hannunsa. Wanda ya sami shiga ɗakin gwajin jami'a ba ya cin makin na'urar da ya tarar a can.

Sai matsalar da ba a cika lura da ita ba: hannun alƙalai ba ɗaya ba ne. A ce matsakaicin makin alƙali na farko 81 ne, na biyu kuma 63. Wani aiki ya sami 78 a wurin na farko, wani ya sami 72 a wurin na biyu. A ido, mai 78 ne a gaba. A gaskiya yana ƙasa da matsakaicin alƙalinsa da maki 3, mai 72 kuwa ya haura na nasa da 9. Maganin shi ne a cire matsakaicin kowane alƙali daga makin da ya bayar, in an so a raba da gwargwadon bazuwar makinsa, sannan a haɗa. Manhajar jadawalin lissafi ta kwamfuta na yin wannan cikin daƙiƙa, amma a gina ta a gwada da makin bogi mako guda kafin gasa. Mutum biyu su shigar da maki, ɗaya na karantawa ɗaya na bugawa, a adana takardun asali.

Lambobi jagora ne kawai. Alƙalan kowane fanni su zauna a kan ayyuka shida ko takwas na sama, waɗanda ba su gan su ba su koma su gani, sannan a yanke. A nan shugaban alƙalai ya kula da mai babbar murya, kada farfesa ɗaya ya ja ɗaki duka. A fara jin ra'ayin ƙananan alƙalai, in an kasa daidaitawa a jefa ƙuri'a a rubuce.

Yara, kuɗi da masu tallafi

Duk yaron da zai kwana a wajen gida ya zo da takardar izinin iyaye, da lambar wayarsu, da bayanin ciwo ko maganin da yake sha. Babba ɗaya ga yara 8 zuwa 10, mata da mace mai kula da su, masauki a rabe, kuma babu babban da zai keɓe da yaro a ɗaki. A naɗa mutum ɗaya da kowa ya san shi ne ake kai wa ƙorafi. Ma'aikacin jinya ya kasance a wurin dare da rana, da mota a shirye. Yaran da ke tsaye tun safe suna jiran alƙali sukan yanke jiki su faɗi, don haka a sa kujera a kowace rumfa, a ajiye ruwan sha a bakin zaure.

A kasafi, sufuri da masauki da ciyarwa su ne ke cinye kaso mafi girma, ba kyaututtuka ba. A ware kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana. Idan kuɗi ya gaza, a rage ƙawar bikin rufewa kafin a taɓa kuɗin motar makarantun nesa, in ba haka ba gasar ƙasa za ta koma ta makarantun babban birni. Mai tallafi na iya sa sunansa a kyauta ta musamman, ya zaɓi wanda zai ba, amma ba shi da baki a manyan lambobin yabo. A rubuta wannan a yarjejeniya.

Wani abu da ake mantawa: baje ƙirƙira a bainar jama'a na iya hana mai ita rajistar haƙƙin mallaka daga baya. A Turai, abin da aka riga aka bayyana ya daina zama sabo a idon doka, Amurka kuwa tana ba da rangwamen wata 12. Idan masu duba takardu suka hango aikin da zai iya shiga kasuwa, su ja hankalin makarantar ta nemi shawarar lauya kafin ranar buɗewa.

Bayan an tashi

Bikin rufewa kada ya wuce awa ɗaya da rabi, a duba rubutun sunaye sau biyu kafin a buga satifiket. Abin da ya fi kofi amfani ga yawancin yara shi ne takardar sharhi: kowane alƙali ya rubuta abu ɗaya da ya yi kyau da abu ɗaya da za a gyara, a aika wa makarantu cikin mako biyu. Ƙorafi a karɓe shi a rubuce cikin kwana 7, a kan saɓa ƙa'ida kawai, ba a kan ra'ayin alƙali ba.

Zakarun da za su fita waje a haɗa kowannensu da masani a fanninsa, ya taya shi gyara nazarin lambobi da yin atisayen hira, ba tare da ya sake masa aikin ba. A tabbatar tun da wuri cewa gasarku ta yi rajistar alaƙa da gasar da ake nufi, domin ISEF ba ta karɓar ɗalibi kai tsaye sai ta hannun gasar da ke da alaƙa da ita, haka ma gasar matasan masana kimiyya ta Tarayyar Turai, wadda aka fara a 1989, ta hannun mai shirya gasar ƙasa ake shiga.

Cikin wata guda kwamiti ya zauna da alƙaluma a gabansa: ayyuka nawa daga kowace shiyya, mata nawa maza nawa, nawa aka dakatar a tantancewa kuma saboda me, alƙalai nawa suka ƙi zuwa, layin wuta nawa ya yanke. Shiyyar da aka fi dakatar wa ayyuka, can za a fara kai horon malamai na shekara mai zuwa. Kafin a watse daga wannan zama a tsayar da ranar gasa ta gaba, a aika wa masu zaure takarda.